Ziyarar Aboki a Maraɗi: Kurakuran da Baƙi Daga Najeriya Suka Fi Yi

Mutumin Katsina ko Kano da ya ƙetare Jibiya ya wuce Ɗan Isa yakan ɗauka gida ya je. Yana da hujjarsa: Hausa ake yi, tuwo ake ci, kuma Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi su ne suka kafa sarautar da har yau ake kira Katsinar Maraɗi. To amma wannan kamannin shi ke sa baƙo ya saki jiki, ya manta cewa ƙasar wasu ya shiga.

Kuɗi ne ke fara ba mutum kunya. A Maraɗi ba a ƙirga sefa da lambar da ke jikin takarda, da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai ƙosai ta ce maka "na ashirin", sefa 100 take nufi. Dala hamsin sefa 250 ce, dala ɗari 500, jika kuwa 1,000. Zuwana na farko ɗan kabu-kabu (acaɓa ke nan a bakinmu) ya ce min hamsin, na miƙa masa ƙwandalar da aka rubuta 50 a jikinta ina jin na yi ciniki. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Malam, daga Najeriya kake ko?" Maganin abu ne mai sauƙi: duk abin da aka faɗa maka, ninka shi sau biyar, sai in an ambaci jika. Kuma kada ka tsaya canjin naira a bakin iyaka cikin gaggawa. Canza ɗan abin mota kawai, sauran ka bari abokinka ya kai ka wurin ɗan canjin da ya sani.

Takardu ma haka. Wasu har yanzu suna tahowa hannu rabbana, wai ai nan da nan ne. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kafin ka taso ka kira mai masaukinka ya faɗa maka abin da jandarmomi da 'yan duwan (kwastan) ke nema a lokacin. Kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a shingen jami'an tsaro.

Inda na fi ganin baƙi suna ɓata rawarsu da tsalle shi ne wajen abinci. An kawo maka hura (haka ake faɗinta a can) da rana tsaka, sai ka kurɓa sau biyu ka ture kwanon kana jiran "abinci". A gidaje da yawa hurar nan ita ce abincin rana, an kuma dama ta da nono mai kyau saboda kai. Sha ka ƙoshi. In an ce maka tuwon hatsi, gero ake nufi, kada ka tambaya wane hatsi. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne kwatance: "mu a Kano ba haka muke yi ba." Uwargida tana ji daga madafa ko ba ta fito ba. Yaba abin da ya yi maka daɗi, ka yi shiru a kan sauran. Ni dai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙulin Maraɗi ban taɓa samun abin kushewa a cikinsa ba, balle naman jar akuyar da garin ya yi suna da ita. Burodinsu dogo ne mai ɓawo, irin na Faransawa; ba bushewa ya yi ba, haka ake gasa shi.

Da dare abokinka zai ja ka fada, wato majalisar samari inda ake dafa shayi a ɗan ƙaramin buta bisa gawayi. Shayin zagaye uku ne, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Mai shan na farko ya miƙe ya ce sai da safe ya yanke hira a tsakiya. In kana da uzuri, faɗa tun kafin a ɗora buta. A nan ne kuma harshe ke ja wa baƙo magana. Za a taɓo siyasar Nijar, za ka ji 'yan gari suna sukar nasu; wannan ba izini ba ne gare ka. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Haka nan dariya idan an ce lakwal maimakon makaranta, ko "za ni likita" ana nufin asibiti. Mu ma da muke cewa "firamare" ba daga kakanninmu muka gada ba.

Akwai kuma masu ƙare kwanakinsu tsakanin ɗaki da babbar kasuwa, su koma su ce ba abin gani. Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, tana nan kusa. Madarunfa na kudu, da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 da ake dangantawa da wurin. In ka dace da lokacin kokawa, je fili. A Nijar kokawa ce wasan ƙasa, ana gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi tun 1975, kuma ihun 'yan kallon Maraɗi sai wanda ya ji da kunnensa.

Sai tsaraba. Kada ka zo da leda ɗaya ta mai gida kawai ka manta da iyali: turmin atamfa ga uwargida, ɗan abin taɓawa ga yara, goro ga tsohon gida in yana nan. Faɗi ranar komawarka tun daren da ka sauka, don mai gida ba zai taɓa tambayarka ba ko da buhun hatsin ya kusa ƙarewa. Ranar tafiya kuma ka bar wuri a jakarka, domin kilishi da cuku za su biyo ka har tasha.