Babi na 6: Idan Akori-kura Tana Karkarwa a Silo

Wannan babi na masu tsohuwar akori-kura ne mai shan fetur, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ko Hilux mai inji 22R. Kowacce motar silinda 4 gare ta, filogi 4, wayar filogi 4. Mai motar dizal ya tsallake zuwa babi na gaba.

Silo shi ne inji na aiki, mota na tsaye, ƙafarka ba ta kan totur. In ka ji sitiyari na rawa, salansa na "fut, fut", makanikai sai su ce mota tana mis. Ma'anarsa, wata silinda ba ta ƙona mai.

Darasi na 1: Nemo silindar da ta kwanta

Ja birkin hannu. Sa giya a firi. Tuɓe babbar riga, don fanka ba ta san mai ita ba. Hannunka ya zama a bushe. Ɗauko filaya mai roba a mariƙinta, domin wutar wayar filogi ta haura bolt 10,000.

Kafin ka taɓa komai, ɗaura wa kowace waya alama: 1, 2, 3, 4. Wanda bai gama sabawa da lamba ba ya ƙulla zare, ƙulli ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba abin kunya ba ne.

Tada mota. Kama hular robar waya ta farko, ba jikin wayar ba, ka zare ta. Saurara.

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Ka tuna mata huɗu suna lugude a turmi ɗaya. In ka karɓe taɓaryar wadda take daka, amon zai canja. In ka karɓe ta wadda dama ta jingina tana hutawa, ba abin da zai canja.

Ka zare waya, karkarwa ta ƙaru, inji na neman mutuwa: wannan silindar lafiyarta lau. Mayar da wayar.

Ka zare waya, inji bai ko kula ba: ita ce ta kwanta.

Sake karantawa. Ya canja, lafiya. Bai canja ba, cuta. Faɗa da bakinka sau uku. Na san hankali yana so ya ce inda mota ta fi jijjiga nan ciwon yake. A'a, malam. Ta jijjiga ne don ka raba ta da mai yi mata aiki.

Mayar da waya ta 1 kafin ka zare ta 2. Mayar da ta 2 kafin ta 3. Ɗaya bayan ɗaya. Da sannu za ka iya, kunne ma koyo yake yi.

Amma fa na gaji da abu guda. Duk ajin da na koyar, sai an samu mai gaggawa ya tumɓuke wayoyin nan huɗu gaba ɗaya, ba alama, sannan ya tsaya yana kallona. Injinan nan a jere na 1-3-4-2 suke ba da wuta. Ka sarƙe wayoyi, mota ta riƙa harbi ta salansa, ka ce aljanu ne. Haba! Magidanci da kai? Ɗaya bayan ɗaya. Kuma wadda ba ta canja amo ba, ita muke nema.

Darasi na 2: Karanta filogi

Kashe mota, bari inji ya huce. Kwance filogin silindar da ba ta canja amo ba, ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa kuma a bushe, lafiya. Baƙi kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙe da baƙin mai, ringi ko robar bawul ta ci, wannan sai gareji. Fari fat, fetur ya yi kaɗan ko inji na zafi.

In kana shakka, musanya shi da filogin wata silinda ka sake gwajin darasi na 1. Cutar ta bi filogi, sayi sabo. Ta tsaya inda take, gwada wayar haka nan. Ka dai tuna: bai canja ba, cuta.

Darasi na 3: In duka huɗun suna canja amo

To matsalar ta kowa ce. Buɗe tukunyar iska, ƙurar hunturu kan toshe matacinta. Canja matacin fetur, musamman in kana sha wajen 'yan bumburutu. Kasa kunne kusa da kafireta. In ka ji tsaki kamar na maciji, wani tiyo ya tsage yana zuƙar iska. Kada ka murɗa sukurorin kafireta tukuna.

Darasi na 4: Distiributa

Distiributa ita ce mai raba wa filogi wuta, inda wayoyin filogi huɗun suka haɗu. Buɗe murfinta. In ya tsage ko akwai laima, goge shi ko ka canja. In distiributarka mai kwantak ce, wato ɗan makunnin wutar da ke cikinta, duba ko bakin kwantak ɗin ya ƙone.

Darasi na 5

In duk wannan bai yi ba, kai wa bakanike ya auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsi a cikin silinda.