Ɗaurin talala ko zaman gwaji? Yadda nake zaɓen kalmar

Na yi shekaru ina fassara labarai a gidan rediyo, kuma kalmar Turanci ta furobeshan (probation), wato lokacin da ake sa wa mutum ido don a ga halinsa, na cikin waɗanda suka fi ba ni aiki. Wata rana wani yaron da nake koya wa aiki ya rubuta cewa sababbin ma'aikata suna ɗaurin talala. Da ya fita a iska, da mun mai da bayin Allah masu laifi.

Kafin ka taɓa alƙalami, fara tambayar kanka: wa ya sa mutumin a wannan hali, kotu ko ofis?

In kotu ce, ka ce an yi masa ɗaurin talala. Talala doguwar igiya ce da ake ɗaure akuya ko doki da ita, dabba ta yi kiwonta amma ba ta wuce iyakar igiyar. Haka mutumin yake. An same shi da laifi, alƙali bai tura shi gidan gyaran hali ba, ya bar shi cikin iyalinsa bisa sharuɗɗa, jami'i na sa masa ido. Ya karya sharaɗi, a komar da shi gaban alƙali. A Nijeriya dokar shari'ar masu laifi ta 2015 da dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun tanadi wannan.

Sai dai kunnen mai sauraro ya saba jin ɗaurin talala a kan wanda aka tsare a gidansa, kamar yadda sojojin Myanmar suka yi wa 'yar siyasar ƙasar, Aung San Suu Kyi, shekara da shekaru. Shi ya sa nake ƙara bayani: "ɗaurin talala bisa sharuɗɗan kotu". Kada kuma ka ce beli. Mai beli shari'arsa ba ta ƙare ba.

In ofis ne, kalmar ita ce gwaji. Ma'aikacin gwaji, ko wanda ba a tabbatar da shi ba tukuna. A aikin gwamnatin tarayya shekara 2 ake yi kafin takardar tabbatarwa ta fito. Ga yadda nake sa shi a jimla: "Malama tana zaman gwaji, baɗi za a tabbatar da ita."

Ɗalibin jami'a da makinsa ya yi ƙasa kuwa, abokansa furobeshan ɗin suke cewa. A labarai ni nakan rubuta cewa an ba shi wa'adin gyara makinsa, don ko iyayensa na ƙauye su gane halin da ɗansu ke ciki.