Yadda na gyara bishiyoyina da waya ta shaƙe

Bishiyoyi 6 na dasa shekara biyu kenan, kwatsam sai uku suka fara zubar da ganye saman yana bushewa. Ni duk a tunanina ƙishirwa ce, na dinga maka musu ruwa safe da yamma har gindin ya zama taɓo amma abu sai gaba yake. Har na zargi gara ce ke cin su, na tona ban ga komai ba.

Ashe ni ne na shaƙe su da hannuna. Lokacin dashe na kafa sanda na ɗaure kowacce da waya don kar iska ta karya ta, shikenan na manta. Bishiya tana kauri waya kuwa ba ta buɗewa, har ta nutse cikin ɓawo, kuma ta ƙarƙashin ɓawon nan abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa, in aka datse shi zagaye guda to yunwa ce za ta kashe saiwar.

Filaya na ɗauko na yanke wayar, inda ta nutse sosai ban fizgo ba don kar in ɗaye ɓawon, guntulewa na yi na bar sauran a ciki. Fenti ban shafa ba, ciwon bishiya da kansa yake rufewa. Na sake ɗauri da tsohon tub na taya mai faɗi, sako-sako yadda za ta ɗan motsa, ruwa kuma sau biyu a sati amma ya jiƙa ƙasa sosai.

Biyu sun farfaɗo. Ta ukun samanta ya mutu, amma ta yi toho ƙasan ciwon, shi nake raino yanzu.