Yadda Ake Ƙara Tsawon Wayar Fitilun Lambu Masu Ƙaramar Wuta

Fitilun da ake jerawa a gefen shuke-shuke ko bakin hanyar shiga gida galibi suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 12, wadda ƙaramar taransifoma ke saukarwa daga bolt 230 na soket. Da yake wannan wuta ba ta jan mutum kamar ta cikin gida, mutane da dama kan ɗauka ƙara wa wayar tsawo bai wuce a murɗe bakin wayoyi biyu a naɗe da salatif ba. Abin da kan biyo baya shi ne fitilun ƙarshen layi su dushe, mahaɗar kuma ta lalace tun da ruwan farko na damina.

Kafin ka sayi komai, ka tara wat na dukkan fitilun, tsofaffi da waɗanda za ka ƙara, ka tabbatar jimillar ba ta haura kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikin taransifomar ba. Idan ta haura, taransifomar za a fara sauyawa.

Babban lamarin yana kan kaurin waya, domin wuta tana raguwa gwargwadon nisan da ta yi, kuma a tsarin bolt 12 asarar bolt biyu ba ƙarama ba ce. Fitilun da jimillarsu ta kai wat 60 suna jan amfiya 5. Idan aka kai musu wuta mita 30 da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kusan bolt 2.2 zai salwanta a hanya, saboda wutar zuwa take yi ta dawo, wato mita 60 ke nan. Da waya mai kaurin 4, asarar za ta sauko zuwa wajen bolt 1.4. Ka nemi ta jan ƙarfe zalla, domin akwai ta alminiyum da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda arahar kuɗinta ba ta biyan wutar da take zubarwa. Ya fi kyau a kai waya mai kauri tsakiyar sababbin fitilun a raba ta hagu da dama, maimakon a ci gaba da ɗorawa a wutsiyar tsohon layi.

Idan za ka haɗa, ka zare taransifomar daga soket tukuna. Ka feɗe kimanin santimita ɗaya da rabi a bakin kowace waya, ka haɗa su da mahaɗar da aka cika da man silikon mai hana ruwa shiga, ka ja kowace ɗaya ka ga ba ta zame ba. Idan wutar daga batirin sola take zuwa, dole ne jar waya ta tafi ga ja, baƙa ga baƙa, in ba haka ba fitilun LED da yawa ba za su kama ba, kuma a sa fiyus kusa da batirin.

Kada ka yi gaggawar binnewa. Ka kunna dukkan fitilun, ka auna wutar a fitilar ƙarshe da mitar gwaji. Idan ta yi ƙasa da bolt 10.5, ka sauya waya ko ka raba layin biyu. Bayan haka sai ka haƙa rami mai zurfin santimita 15, ka sa wayar cikin bututun roba a duk inda fartanya ko ɓera za su iya kai mata, ka kuma bar rarar waya kaɗan a gindin kowace fitila saboda ranar da shukar za ta girma a buƙaci matsar da fitilar.