Matakan rubuta insha'i kan rayuwar wani fitaccen mutum

Da farko, ƙuntata batun. Shafi biyu ko uku ba za su ɗauki rayuwar mutum sukutum ba. A ce Nelson Mandela aka ba ka: kada ka kama daga haihuwarsa a 1918 kana jero shekaru har rasuwarsa a 2013, malami ya gaji da ganin irin wannan. Ɗauki tambaya guda, misali me ya sa mutumin da ya shafe shekara 27 a kurkuku ya zauna sulhu da waɗanda suka ɗaure shi?

Na biyu, karanta aƙalla majiya biyu, ka gwama shekarunsu. Abin da ka tsinta a intanet, sai ka tabbatar da shi a littafi.

Na uku, rubuta amsarka a jimla ɗaya tak kafin ka fara komai. In ta ƙi rubutuwa, da sauran karatu a gabanka. Nan ne ɗalibai suka fi yin gaggawa, daga baya insha'in ya yi ta kewaye-kewaye.

Daga nan kowane sakin layi ya ɗauki hujja ɗaya. Sakin Mandela daga kurkuku a 1990 da zaɓen Afirka ta Kudu na 1994 su shigo don su tallafi amsarka. Kawo ra'ayin masu sukarsa ma, ka amsa musu. Yabo zalla aikin maroƙi ne.

Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta. Bar takardar ta kwana, washegari ka karanta da ƙarfi, ka gyara inda harshenka ya sarƙe.