Yadda za ki gyara ɗan ƙaramin fulat ko ciki da falo ya yi fes

'Yan uwa mata, musamman amare da masu shirin tarewa a gidan haya, dan Allah kafin ki je gun kafinta ki fara neman tef ɗin awo. Wallahi da gaske nake. Lokacin da aka je jeren ƙanwata a wani ɗan fulat na haya a Hotoro, an yo mata gado shida da shida da wadirob mai ƙofa huɗu da madubi da durowar gefen gado biyu, ga saitin kujeru mai cin mutum bakwai, aka sauke kaya a ƙofar gida sai ga shi kujerar zaman mutum uku ta ƙi shiga, sai da aka cire ƙyauren falon, da aka gama jeren kuwa in za ki wuce kicin sai kin karkace. Kaya masu kyau, kuɗi sun tafi, amma ɗaki ya zama kamar sito, ita kanta amaryar har kuka ta yi.

To ki auna tsawo da faɗin kowane ɗaki, ki auna faɗin ƙofa, ki rubuta a waya. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 in kika saka gado shida da shida ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan tun ba a zo maganar wadirob ba, shi kuma wadirob zurfinsa kusan ƙafa 2 ne, ƙofofinsa ma suna son wajen buɗewa. Gado huɗu da rabi ya ishi mutum biyu, ki ce kafinta ya yi miki shi da durowoyi a ƙasa, nan zannuwan gado da barguna za su shige. Duk inda mutum zai bi ki bar aƙalla ƙafa 2 da rabi.

Na san matsalar, dangi. Za a ce ai 'yar wance saiti guda aka yi mata, kar a raina mu. Ki lallaɓa Umma da gwaggonni tun da wuri, ki nuna musu awon, in an riga an saya a bar rabi a gida har Allah ya buɗa ku koma babban waje. A ƙaramin falo kujera mai cin mutum uku guda ɗaya ko mai kwana wadda za ta lafe a lungu ta wadatar, sai ki ƙara da tumtum biyu ko uku na fata, irin wanda ake samu a kasuwar Kurmi. Mu da ma zaman ƙasa muka saba, baƙi in sun yi yawa kan kafet za su baje a ci tuwo a yi hira, in sun tafi ki tura tumtum gefe fili ya dawo. Kujerar kuma ki zaɓi mai ƙafafu wadda ake hango ƙasanta, ido yana ganin ɗakin ya fi faɗi, tsintsiya ma tana shiga.

Sai fenti. Fara tambayar mai gidan tukuna, wasu ba sa yarda a canza kala, wasu sai kin mayar yadda kika tarar in za ki tashi. In ya yarda ki tsaya kan kala mai haske, ruwan madara ko fari mai ɗan duhu kaɗan ko toka mai haske sosai, silin kuma fari tas. Kala mai duhu tana shanye haske ɗaki ya tsuke. In ranki na son kala mai ƙarfi ki ba ta bango ɗaya kawai, wanda ke bayan kujera. Kuma in da yara ki ƙara kuɗi ki sayi fentin da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, don hannun miya ba ya jin magana.

Labule shi ne inda na fi ganin ana kuskure, kuma shi ne gyaran da ya fi sauƙi. Kar a kafa ƙarfen labule daidai kan taga, a ɗaga shi sama dab da silin, a bar shi ya zarce taga ta kowane gefe da kamar taƙi ɗaya, labulen ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Nan take za ki ga ɗakin ya yi tsayi, kuma in kin zuge da rana duk tagar a buɗe take haske na shigowa. Ki yi biyu, shara-shara a ciki mai kauri a waje, mai kaurin zai tare miki rana a watan Afrilu ya rage ƙura lokacin hunturu. A Kantin Kwari za ki samu yadi ki kai wa tela, amma ki guji mai manyan furanni da ƙyalƙyali da tattara hawa uku, yana danne ƙaramin ɗaki.

Madubi babba guda ɗaya a bangon da ke kallon taga yana ninka haske, ya fi ƙanana biyar a warwatse. Sai dai ki lura da inda kike shimfiɗa sallaya, kar ya zama yana gabanki ta alƙibla ya ɗauke miki hankali. Wannan lungun sallar ma ki ware shi, ɗan kanta a bango na Alƙur'ani da carbi, kwando ɗaya na hijabi da sallaya, shikenan.

Ƙwan lantarki ki duba jikin kwalinsa. Mai 6500K fari ne ƙal, ya dace da kicin da banɗaki, mai 3000K kuma haskensa ya ɗan ja ruwan ɗorawa, shi ne ke sa falo ya yi daɗin zama da daddare. Ki haɗa da fitila mai caji mai kyan gani a kan ɗan tebur, in an ɗauke wuta ita ce za ta riƙe ki. Talabijin a maƙala a bango, wayoyin a saka su cikin farar robar nan da masu wayarin ke liƙawa a jikin bango.

Adon bango kuwa ba sai kin kashe kuɗi da yawa ba. Ni abin da ya fi burge ni a gidan wata ƙawata faya-fayai ne guda bakwai, irin namu na rufe ƙwarya, manya da ƙanana, ja da baƙi da kore, ta jera su a saman kujera kusa da juna, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalla. Ko ki sayo ƙyallen rini na baba daga karofin Ƙofar Mata a saka miki a firem, ko ki ɗinka rigunan filo da shi, shuɗin nan a kan bango ruwan madara abin sai wanda ya gani. Firem ɗin Ayatul Kursiyyu guda ɗaya babba ya isa, sauran bangon a bar shi ya huta. Kala uku ki riƙe a duk falon, kafet da labule da filo su riƙa amsa juna.

Furen roba yana tara ƙura, in kina da taga mai samun rana ki dasa alobera ko na'a-na'a a ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, kar ki bar ruwa ya kwanta a farantin ƙasanta saboda sauro.

Turaren wuta kuma kaɗan ya isa a ƙaramin waje. Gawayin ya kama sosai a waje kafin ki shigo da kasko, ki bar taga a ɗan buɗe, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana da haɗari kuma a hankali yana dafar da silin da labule. Takalma su tsaya a ɗan kanta bayan ƙofa, ki sa ƙugiya uku a sama ta makulli da jaka da mayafin fita.