Yadda Ake Ƙarfafa Birkin Mota Don Kada Ya Gaza a Filin Tsere

Birkin da kamfani ya saka wa motarka an yi shi ne don tuƙin cikin gari: ka taka sau ɗaya, ya huce kafin ka sake takawa. Filin tsere kuwa babu wannan hutun. A filaye irin su Kyalami na Afirka ta Kudu ko Nürburgring na Jamus, direba kan sauko daga gudun kilomita 200 zuwa 80 a bakin kwana, kafin ƙarfe ya sha iska ga wata kwanar ta iso. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin yakan ninka huɗu. Wannan zafin ne ke kashe birki, don haka duk gyaran da za ka yi, da shi kake yaƙi.

Mataki na farko, gano irin gazawar da ke damun ka, domin iri biyu ce kuma maganinsu daban. Idan ka taka ka ji feda da tauri kamar kullum amma mota ta ƙi tsayawa, ga ƙauri na tashi, to takalmin birki ne, wato abin da ke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ya wuce zafin da zai iya ɗauka. Idan kuwa fedar ta yi laushi tana nutsewa har ƙasa, man birki ne ya tafasa. Tururi yana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke ƙarewa a cikin tiyo bai kai taya ba. Direbobin manyan motoci da ke gangarowa Hawan Kibo daga Jos sun san tashin hankalin gazawar birki.

Na biyu, canza man birki. Nan ne kuɗi kaɗan ke yin babban aiki, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ana raba man birki aji-aji da lambar DOT: sabon man DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. Matsalar ita ce waɗannan mayukan suna tsotsar danshi daga iska. Da zarar ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 4 na iya tafasa tun a digiri 155. Man da ya shekara biyu a mota ba abin shiga fili da shi ba ne, ko da launinsa bai canza ba. Nemi wanda aka yi don tsere, irin su Motul RBF 600 ko Castrol SRF, waɗanda sababbinsu kan jure sama da digiri 300. Amma a kula da DOT 5, wanda ba shi da ɗigo ɗaya a bayansa: na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kada ya shiga motarka.

Wajen canzawar, ba ƙari za a yi a kan tsohon ba. Bakanike ya zuƙe na cikin tanki, ya zuba sabo daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, sannan ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana fitar da tsoho da iska har sai sabon ya fito garau. A yawancin motoci ana farawa daga tayar da ta fi nisa da tankin, amma duba littafin motarka. Ka tsaya a kansa kada tankin ya ƙafe, in ba haka ba iska ta shiga, aiki ya koma farko.

Na uku, takalmin birki. Irin su Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff sun dace da wanda zai tuƙa motarsa zuwa fili ya kuma koma gida da ita. Na tsere zalla sun fi jure zafi, sai dai ba sa kamawa sosai da sanyin safiya, suna ƙara, suna kuma cin faifai. Ni a ganina sabon shiga ba ya bukatarsu. Kada ka shiga fili da takalmin da ya ci fiye da rabi, domin siriri ya fi saurin miƙa zafi ga mai.

Sabon takalmi sai an zaunar da shi. Samu hanyar da babu kowa, ka kai gudun kilomita 100, ka taka da ƙarfi har zuwa 15 ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar mintoci ba ka taɓa birki ba har ya huce. Wannan ne ke shimfiɗa ɓurɓushin jikin takalmin daidai a fuskar faifai. Rawar sitiyari da ake ɗora wa "faifai ya lanƙwashe" sau da yawa rashin yin wannan ne.

Na huɗu, faifai da tiyo. Faifai mai huje-huje yana da kyan gani, amma tsagewa kan fara daga bakin hudojin idan zafi ya yi yawa. Sumul mai kyau ko mai zane-zanen tsaga ya fi. Auna kaurinsa, mafi ƙarancin da aka yarda da shi yana rubuce a jikinsa. Tiyon roba kuma ana iya musanya shi da mai saƙar ƙarfe. Ba ya rage zafi, amma ba ya kumbura, sai ka ji feda ta tsaya daram.

Na biyar, ba birki iska. Ana jawo bututu daga bamba ta gaba zuwa tsakiyar faifan gaba, inda iska za ta bi ta ramukan cikinsa ta fita. Tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, don haka can za ka mai da hankali.

Sai bayan duk wannan, idan har yanzu birki na gazawa, za ka yi tunanin babban saiti irin na Brembo ko AP Racing. Yana da tsada, wani lokaci sai ka canza rim, kuma idan ba a daidaita shi da na baya ba yana iya tsawaita tazarar tsayawa. Amfaninsa shi ne ƙarin ƙarfen da zai shanye zafi.

A ranar tsere, taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki, kada ka jingina ƙafa a kai tun daga nesa. Da ka ji feda ta fara canzawa, rage gudu nan take. Kafin ka fito, yi zagaye ɗaya a hankali don ya huce. Idan ka faka kada ka ja hambirki, takalmi zai bar tabo a faifai mai zafi. Saka motar a giya, ka sa wa taya waigi.